Babin Da Ya Gagare Mu

Shekara uku ke nan muna da wani littafi a ƙarƙashin katifa, an gama shi sai babi ɗaya. Labarin wata bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, wadda aka saka bayan shekara 17 da aure. Mun fito da ita daga gidan miji, mun kai ta har ajin yaƙi da jahilci, amma inda za mu sauke ta ya gagara. 'Yan'uwa marubuta kowa da shawararsa. Wasu su ce a kawo mata Alhaji mai mota, wasu su ce tsohon mijin ya dawo yana kuka.

Gwaggonmu ce ta hana mu ɗaukar ko ɗaya, ko da yake ta daɗe da rasuwa.

Muna 'yan sakandare muka karɓo hayar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Gwaggo ba ta yi boko ba, saboda haka mu ke karanta mata bayan sallar isha'i, tana jiƙa shinkafar wainar gobe. Ita ma sakinta aka yi, da wainar nan ta riƙe kanta. Da aka zo inda Alhaji Abdu ya kori Rabi, uwar 'ya'yansa tara, saboda Delu, mu muka yi ta tsine masa. Gwaggo ko uffan. Sai da Rabi ta fara dafa abincin sayarwa sannan ta tsayar da mu, ta ce a koma baya. So take ta ji nawa ne jarin, mudu nawa ake ɗorawa, wa ke zuwa cefane, in abinci ya yi kwantai yaya ake yi da shi. Abin da muka karanta bai ishe ta ba. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa muka yi shewa, ita kuwa ta ce, "Wannan ai aikin Allah ne, ba na Rabi ba."

Ƙarshen ya ba mu haushi, don an matsa wa Rabi sai da ta koma. Gwaggo cewa ta yi marubuciyar ba ta yi ƙarya ba, haka ake yi. Amma ita sau biyu ana turo dattawa kan maganar kome tana ƙi. Tana dab da shekara 50 ta shiga ajin manya, irin na hukumar da Jihar Kano ta kafa a 1980. Ba takardar shaida ta kai ta ba. Masu cin bashin waina ne suka ishe ta da musu, ta ce sai ta iya rubuta sunan kowa da hannunta.

Yanzu ga 'yarmu, wadda yawancin karatunta a waya yake. Ta karanta labarin Rabi a fassarar Turanci ta Aliyu Kamal ta 2012, ta ce da ita ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta koma ba. Da ta duba namu rubutun sai ta ce a buɗe wa bazawarar kamfani, ta manta da maza. Mun yi dariya, amma a ganinmu kamfanin nan da Alhaji mai mota duk jirgi ɗaya ya kwaso su: daga sama suke faɗowa a shafin ƙarshe, marubuci ya huta da aiki.

Kwanan baya muna kwashe kaya muka tsinci littafin bashin Gwaggo, ɗan eksasayis mai shafi 40 duk ya sha mai. Haruffan manya-manya, a karkace. Wasu sunayen an ja musu layi, wasu har yau ba a ja ba. A bangon ciki ta rubuta sunanta sau bakwai.

Daren nan muka zaro namu daga ƙarƙashin katifa. Babin ƙarshe ba mu taɓa shi ba. Babi na biyar muka koma, inda a layi biyu kacal muka ce ta fara sana'a ta samu rufin asiri. Yanzu ya kai shafi 11, kuma har yanzu tana gaban tanda da asuba, ba ta sayar da ko ɗaya ba.