Ranar Da Kaina Ya Ɓace A Kasuwar Bici

Yau ku yi min uzuri, na ajiye ci gaban littafinmu sai mako mai zuwa. Labarin kaina zan ba ku, kuma in na ce kaina, to wannan kan da ke bisa wuyana nake nufi.

A shekarar 1992, ina ɗan shekara goma sha biyu, bayan an kai gero da dawa rumbu kowa aljihunsa da ɗan nauyi, wani mai dabo ya sauka a Bici. A zauren kawuna ya kwana, kusa da titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina. Kayansa duka buhu ɗaya ne da wani baƙin akwatin katako. Da safe ya ƙare mana kallo mu yaran gidan, ya nuna ni ya ce, "Wannan mai ƙaramin kan nake so." Ya ba ni naira biyar, ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa abin da zan gani ba.

Ga asirin, tunda yau babu wanda zai cutu. Akwatin yana da rami ta ƙasa inda ake zura kai, da ƙofa ta gaba, da ƙananan kafofi a gefe. A ciki akwai madubai biyu da aka naɗe jikin bango. In an rufe ƙofa sai ya ja wata igiya, maduban su haɗu a gaban fuskarka kamar ƙirjin jirgin ruwa. Mai kallo yana ganin hoton bangon gefe, shi kuwa ya ɗauka ƙarshen akwatin yake hangowa. Wuƙaƙen ta gaban madubi suke shiga, rabinsu ƙarfe rabinsu hoto, sai wata doguwa da ake sokowa ta sama ta rufe mahaɗar maduban.

Ranar kasuwa mai kalangu ya saki kiɗa, jama'a suka yi da'ira. Na zauna kan turmi, aka kifa min akwati. Ina jin ƙarar wuƙa ɗaya bayan ɗaya har bakwai. Da ya buɗe ƙofa sai wuri ya kaure da salati. Ga gangar jiki tana motsi, ga wuƙaƙe, babu kai!

Abin da ba mu lissafa da shi ba ita ce kakata, Iya, wadda ke sayar da daddawa da kuka a bakin rumfar mahauta. Ta kutso don ganin abin da ya tara mutane, ta gane rigar da ta saya min da sallah da tabon ƙunar da ke ƙafata. Ai kuwa sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo jama'a! Ya yanke kan jikana!"

Lokacin kuwa jita-jitar masu satar yara don tsafi ta cika gari. Nan take raha ta koma tarzoma. Ina jin Maidabo yana cewa, "Ku tsaya bayin Allah, wasa ne, yanzu zan dawo da shi," amma ina, har an shaƙe masa wuya, wani na kiran a kawo taɓarya. Ni kuma ina cikin duhu gumi na karyo min, ga rantsuwa ga ran mutum. Ban san sa'ad da na kai wa madubin karo da goshi ba. Ɗaya ya tsage, na leƙo ta tsakanin wuƙaƙe na ce, "Iya ga ni!"

Wallahi da za a yanka ni ba zan manta shirun da ya biyo baya ba. Can wani ya ce, "Kai, ashe madubi ne!" Sai dariya, sai ihun yara, sai kowa ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Waɗanda suka so kashe shi don sun yarda da shi, su ne suka koma yi masa ature don sun daina yarda.

Da daddare ya ɗaure kayansa. Na tsuguna na ce, "Baba ka yafe min." Ya shafa kaina ya ce, "Yaro ka ceci raina, ka kuma kashe min kasuwa. Na yafe." Mahaifina bai dake ni ba. Washegari ya ciyar da almajirai goma a matsayin kaffarar rantsuwata, duk da malaminmu ya ce ban balaga ba, babu komai a kaina.

Sai da na girma na karanta cewa dabarar ta daɗe. Tun 1865 wani mai suna Kanar Stodare ya nuna wa mutanen Landan kai mai magana a cikin akwati bisa tebur, dabarar da Thomas Tobin ya ƙirƙira, kuma da madubai biyu aka ɓoye gangar jikin. A nan gida ma mun ji sunan Farfesa Peller, wanda aka kashe a Legas a 1997. Su ana sayen tikiti a zauna a kujera a tafa musu, namu kuwa a rana yake wasa, kuskure ɗaya ya zama gawa.

Har gobe in an ce mu marubuta maƙaryata ne, Maidabo nake tunawa. Shi tun farko ya faɗa wa kowa wasa ne, ya karɓi kwabban da aka jefa masa da son rai. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai carbi a hannu da zai ja ka ɗaki ya ce zai ninka maka kuɗi. Na san magidanta biyu a ƙauyukanmu da suka sayar da gonar gado saboda irin waɗannan.

Iya ta rasu ba ta daina kirana "Marar kai" ba. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Maidabo in ya riga mu, in yana raye Allah Ya sa wannan rubutu ya iske shi. Har yanzu yana bina bashin madubi ɗaya.