Ɗana Mai Zane, Ka San Halin Burushinka

 Na ga katin ɗaurin aure da fostocin da kake haɗa wa mutane da wayarka, raina kuma ya yi fari, domin sana'ar da na tsufa a cikinta ce ka ɗauka, sai dai kai ta wata ƙofa ka shigo. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk sa'ad da muka zauna, hirarka ba ta wuce sabon burushin da ka sauke daga intanet: wannan na gashi ne, wancan na hayaƙi, wancan na ganye. Har yau ban ji ka ce mini ga guda ɗaya da ka san halinsa ciki da waje ba. Ka tattara hankalinka, a kan wannan za mu yi magana.

Mu ba da burushi muka fara ba. A makarantar allo, nan Talatar Mafara, almajiri da kansa yake yanko gamba, ya feƙe bakinta, ya tsaga, ya mayar da ita alƙalami. Tawada kuwa zuge ne da ƙaro, a dafa, a tace, a zuba a kurtu. In ka feƙe alƙalaminka a karkace, rubutunka zai fito a karkace, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Na ga masu zayyanar allon sauka waɗanda kayan aikinsu duka ba su cika tafin hannu ba: alƙalami mai faɗin baki, mai siririn baki, sai ɗan abin shafa ja da rawaya da kore. Da alƙalami ɗaya mutum zai ja layi mai kauri, ya ɗan juya bakinsa kaɗan, layin ya koma siriri kamar ba shi ya ja na farko ba. Allon da suka zayyana ana ajiye shi a gida har jikoki su taso su gan shi.

To, burushin da ke cikin wayarka ma ana feƙe shi, kai ne dai ba ka buɗe wurin ba. Na zauna da yaran da ke aiki a shagunan kwamfuta, na sa sun nuna mini cikinsa, na kuma gane abin da yake yi. Ba gashi gare shi ba, ba ya kuma shan fenti. Ɗan tambari ne guda, da'ira ko wata siffa, wanda manhaja take bugawa a jere a kan hanyar da hannunka ya bi, kamar mai shuka da ke bin kunya yana jefa iri taki bayan taki. In tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi kusa, sai ka ga layi santal. In ta yi nisa, sai ka ga ɗigo-ɗigo. Bayan tazara akwai girman bakin, akwai kaifin gefensa, ko ya yanke tsaf ko ya baje a hankali. Sannan akwai abubuwa biyu da yara da yawa suke rikitawa: ɗaya shi ne iyakar kaurin da launi zai kai a ja guda, ɗayan kuma shi ne yawan launin da kowane bugu yake zubarwa, wanda ke taruwa in ka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya. Wanda ya fahimci waɗannan, yawancin abin da kake ƙona data kana saukewa zai iya haɗa shi da kansa. Saboda haka ka ɗauki burushin nan na farko, mai da'ira, wanda kowace manhaja take zuwa da shi kuma kowa yake rainawa. Ka taɓa abu ɗaya a cikinsa, ka ja layi, ka duba abin da ya sauya, sannan ka mayar da shi ka taɓa na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Da na girma na shiga hannun wani mai rubutun allunan shaguna da zanen motoci. Lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya cika ƙasar nan da baƙi da manyan motoci, tun daga Maradun har Mafara da Bakura, aiki kuwa ya samu. Amma maigidana bai bar ni na taɓa allon kowa ba sai da na daɗe ina wanke burushi da kananzir, ina matse shi, ina daidaita gashinsa, ina ajiye shi yadda bakinsa ba zai lanƙwashe ba. Daga nan ya ba ni tsohon kwano ya ce in yi ta jan layi miƙaƙƙe da da'ira. Kayan aikinsa iri uku ne: babban mai faɗi na shafe fili, matsakaici na cike jikin harafi, da mai dogon gashi mai laushi wanda yake riƙe fenti ya ja layi mai tsawo ba tare da ya yanke ba. Da ukun nan ya ciyar da iyalinsa. A 1996, da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, allunan makarantu da asibitoci da ofisoshi suka buƙaci sabon suna, na ga waɗanda suka sayo kaya masu tsada suka shigo sana'ar dare ɗaya. Kafin damina biyu an san aikin kowa, domin harafin wanda bai koyi jan layi ba daga nesa ake gane shi.

Kai ma ka zaɓi uku ka zauna da su. Mai kaifin gefe na jan layi da fitar da siffa. Mai ɗan kaushi, irin na fensir ko gawayi, na zanen farko da sanya inuwa. Sai mai laushi, irin na feshi, wanda nake so ka yi hattara da shi ƙwarai. Yana da daɗin aiki, yana rufe aibi, shi ya sa sabon shiga yake son sa, amma in ya yi yawa sai fuska ta rasa ƙashi, tufafi su rasa karaya, komai ya narke ya zama hazo. Haka ma wanda ake murza launi da shi don ya shige cikin ɗan'uwansa: kaɗan ake taɓa shi. Su kuwa masu buga ganye da gajimare da taurari a shirye, ba na cewa haramun ne, amma ka sani duk wanda ya sauke su ganyensa iri ɗaya ne da naka. Ganyen marke ba na aduwa ba ne, kuma wanda ya haɗa tambarin a wata ƙasa bai taɓa ganin kowannensu ba. Ka je bakin gulbi, ka zauna a gonakin shinkafa na Bakolori, ka kalli yadda haske yake kwanciya a kan ruwa da hantsi da kuma yadda yake da la'asar. Gani ya kori ji.

Kada ka ce talauci ne ya hana ka. Na san akwai allon zane na Wacom da alƙalaminsa, wanda yake jin nauyin hannu har mataki 8,192, in ka danna layi ya yi kauri, in ka sassauta ya sirance. Na san akwai Procreate da ba ya aiki sai a na'urorin Apple, da Photoshop da ake biyan kuɗinsa wata-wata. In Allah ya hore maka, ka saya, kayan aiki mai kyau yana rage wahala. Amma Krita kyauta ce ga mai kwamfuta, ibisPaint kuma tana aiki a wayar da ke aljihunka. Ko a ƙasashen da kayan suka fito, gwaninta ce take jawo daraja. Wani mai zane a Amurka, Kyle Webster, ya yi ta haɗa burushin kwamfuta masu kwaikwayon tawada da gawayi da fentin ruwa, har kamfanin Adobe ya saye su ya kuma ɗauke shi aiki a 2017. Abin da ya sa nasa suka yi fice shi ne ya san yadda tawadar gaske take tafiya a kan takarda. A waya kuwa, yatsa ba ya ba ka kauri da siranta yadda alƙalami yake yi, wannan gaskiya ne, to sai ka koyi ja biyu inda wani zai ja ɗaya. Akwai kuma abin da ke daidaita rawar hannu a cikin waɗannan manhajoji. Ka yi amfani da shi a aikin mutane, amma in kana koyo ka rage shi, don hannunka ya koyi tsayuwa da kansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mu a zamaninmu, in ka ja fentin mai a jikin motar mutum, ya zauna. In harafi ya ɓaci, sai ka goge da tsumma da kananzir tun yana ɗanye, ko ka jira ya bushe ka sake shafe wurin, mai mota yana tsaye a kanka, lodin albasa yana jiransa. Wannan ya sa kafin gashi ya taɓa ƙarfe mun riga mun auna, mun ja alli, mun ƙidaya haruffa, mun ga ƙarshen layin a zuci. Tsoron asara ne ya koya mana natsuwa. Ku kuwa an ba ku maɓallin komawa baya: ka ja, bai yi ba, ka soke, ka sake, ba ka biya ko sisi ba. Ni'ima ce babba, ina kuma taya ku murna da ita. Amma na ga yaro yana jan layi ɗaya yana sokewa har ya gaji, yana jiran sa'a ta ba shi abin da hannunsa bai iya ba. Wanda ya saba da haka a zane, ina jin tsoron kada ya ɗauka rayuwa ma haka take. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, alkawarin da ka saɓa wa mai aiki ma haka. Don haka ka ware lokaci kowane mako ka yi zane da biro a takarda, inda babu sokewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma tun yana sabo.

Ka tuna watan Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi ba intanet. Mutane ba su daina aure da suna ba, masu shaguna ba su daina neman allo ba. Waɗanda duk aikinsu sauke na wani ne su sauya suna sai suka zauna zugum, waɗanda suka iya kuwa suka ci gaba da abin da ke cikin na'urarsu da abin da ke cikin kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka adana kayan aikinka da ayyukanka a wuri biyu.

Akwai wani burushi da ban so mu rabu ban yi maka kashedi a kansa ba, wanda yake kwafo wani sashe na hoto ya liƙa a wani wuri, ko ya shafe tabo ba a ga alama ba. An yi shi ne don gyara, kuma na ga an raya tsohon hoton mahaifin wani da shi, wanda ruwa ya ci gefensa, har mai hoton ya yi hawaye. Amma da shi ɗin dai ake sauya maki a takardar sakamako, a sauya adadi a rasit, a ɗora kan mutum a jikin da ba nasa ba. Za su zo maka, ɗana, musamman lokacin siyasa, da kuɗi a hannu da murmushi a fuska. Za su ce wasa ne, ba wanda zai sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da asiri ya tonu kuma wanda ya aike ka ba zai san ka ba, sunanka ne zai yi yawo a kasuwar Talata. Hoton 'yar mutane da aka kawo maka don katin biki amana ne: kada ya kwana a wayarka bayan an gama aiki, kada abokinka ya gan shi. Kuma in baƙa ce kyakkyawa, ka bar ta da launin da Allah ya yi ta, kada ka wanke ta da burushi har danginta su kasa gane ta. Aikin wani mai zane kuwa, in ya burge ka, ka koya daga gare shi, amma kada ka goge sunansa ka sa naka.

Saura maganar bugawa, inda na ga gwanaye da yawa sun ji kunya. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa koren da ya ɗauki idonka a waya yakan fito a dushe a takarda. Abin da ka zana da burushi ɗigo-ɗigo ne a jere, in ka fara shi ƙarami sannan aka buɗa shi ya zama bana ta gaban shago, sai gefensa ya farfashe. Saboda haka ka tambayi girman aikin tun kafin ka ja layin farko, ka buɗe fili daidai da shi. Tambarin shago da manyan haruffa kuwa, waɗanda za a buga ƙanana a kati a kuma buga su manya a bango, a CorelDRAW ko makamanciyarta ake yin su, domin can layi lissafi ne, ko an ƙara girmansa ba ya fashewa. In aikin mai yawa ne, ko nan za a buga ko Gusau za ka kai, ka sa a fara fitar maka da guda ɗaya. Ka fita da shi rana ka duba launinsa, ka ba wani ya karanta maka sunaye da kwanan wata da babbar murya, ka kai wa mai aikin ya gani da idonsa ya amince, sannan ka ce a saki injin.