Kai! Ashe Haka Baƙaƙe Suke Magana?

Kai! Kai jama'a! Ku tsaya ku ji abin da na gani ranar Talata!

Kuɗin tara fa kawai na kai wa 'yar ƙanwata, ta manta su a gida. Aji ɗaya take, a wata firamare nan Bauchi. Niyyata in miƙa ta taga in wuce kasuwa. Ina! Ban bar makarantar nan ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

"Mmmmmm!"

Abin da ya fara dukan kunnena ke nan. Aji guda, baki a rufe, ana ta gunji kamar amyar zuma. Malama ta rubuta m a allo. Ba ta ce "em" ba. A'a! Sautin ta yi. Ita ta fara, suka yi tare, sannan ta sakar musu su kaɗai. Suka rubuta shi a iska, suka rubuta a bayan juna, ana ta ƙyalƙyala dariya saboda cakulkuli.

Sai ga a. Baki wangame. "Aaaa!"

To, a nan ne fa! Marafan kwalba ta ɗauko, kowanne da harafinsa. Ta riƙe m a hannu ɗaya, a a ɗayan, tana matso da su sannu, sannu. Mmm... aaa. Mm-aa. Ma! Ta ƙara biyu. Ma... ma.

Wani ɗan tsurut a gaba, ƙafa duk ƙura, ya zaro ido. Ya dubi marafan, ya dubi Malama. Sai ya daka tsalle: "Mama! Malama, Mama ce!"

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ba wanda ya faɗa masa! Ba hoto, ba komai. Shi ya ciro uwarsa daga cikin marfin kwalba!

Mu fa a zamaninmu? "E, bi, si, di" muka yi ta rerawa har murya ta dishe. A ba ka "kaka" ka tsaya kana "ke, e, ke, e", babu kakar babu dalilinta. Sunan harafi muka haddace, na Turanci ma kuwa, alhali sautinsa ne ke karatu. Ga shi Hausar boko ba ta da wayo irin na Turanci. Wasali biyar, kuma yadda ka ga baƙi haka zai fito daga bakinka. Ko a makarantar allo ai an san babbaƙu kaɗai ba ya karatu, sai an shiga farfaru.

Amma tsaya, ba ka ji komai ba tukuna!

Da Malama ta hango ni, ta ce, "Malam, shigo mana." Na raɓe a baya. Sai ta juya kan baƙaƙe masu ƙugiya. Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaro, in ji ta. Har da ni, gemai-gemai. A ce ba, sannan a ce ɓa.

Ɓa. Maƙogwaro ya yi ƙasa!

A ce ƙa. Ya yi sama!

La ilaha! Shekara arba'in ina faɗin ƙasa da ɓera, ban taɓa sanin wuyana na hawa da sauka ba! Na maimaita. Ƙa, ɓa, ƙa, ɓa. Yara suna ta yi mini dariya, ko a jikina.

Ta rubuta kasa da ƙasa, ta rubuta bari da ɓari. 'Yar ƙugiyar nan da muke yarwa a saƙon waya saboda ganda, ita ce yara ke nunawa da yatsa suna ihu, "Ni, Malama! Ni!"

Littafin da ke cinyoyinsu Mu Karanta! ne, wanda aka raba wa firamarorin Bauchi da Sakkwato. Uku-uku suke leƙa guda, bangon duk ya yi laushi. Amma yatsa na bin layi, leɓe na motsi.

Da aka tashi na riƙo hannun 'yar tawa. Ba mu yi nisa ba ta toge a ƙofar shagon unguwarmu, ta ƙura wa wani kwali ido.

"B... a. Ba. Ba... shi. Kawu! Ba bashi!"

Da ƙarfi fa! Mai shago ya leƙo, ya dube ta, ya dube ni. Ni da yake bina kuɗin sukari tun watan jiya.