Baƙin Baturiya

Da zarar hunturu ya kama, mu 'yan Haɗejiya da ke neman abinci a Legas sai mu fara tara kuɗin mota. Yini da kwana muke yi a hanya: Ibadan, Ilorin, Mokwa, Kaduna, Kano, sannan gida. Fiye da kilomita 1,000 ke nan, ƙafafu a kumbure, don mu ga iyaye, mu ci tuwon shinkafa da kifin kogi na mako biyu.

Da muna jin ba wanda ya fi mu nisan tafiya. Bara wani masunci ya ɗauke mu a kwale-kwale zuwa dausayin Baturiya a Kirikasamma, ya nuna mana garken agwagin ruwa. "Yaran nan, waɗannan daga Turai suke," in ji shi. "Su ma hutu suka zo." Duk shekara sukan ƙetare teku da Sahara su sauka a nan. Muka ji kunya: wurin yana ƙofar gidanmu, ba mu taɓa leƙa shi ba.

Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a fadama ya ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa. Baba masunci ya ce inda ya saba jefa taru, yanzu ko kwale-kwale ba ya wucewa.

Mu ko fadama ta ƙafe za mu zo, tunda iyayenmu suna nan. Tsuntsayen kuwa ruwa ne ya kawo su. 'Yan'uwa marubuta, bana mu je Baturiya da alƙalami tun suna zuwa.