Kwana Uku a Bur Sudan: Abin da Ɗan Auyo Ya Tarar a Bakin Bahar Maliya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a masu karatu, duk wanda ya tashi a Auyo ya san jira. Idan Kogin Haɗeja ya cika ya batse, kamar yadda ya yi a daminar 2022 har ya ci gonakin shinkafa ya yanke hanyoyi, sai ka ga mutane jere a bakin gaɓa suna dakon kwalekwale. Wani ya yi ta tsaki har la'asar, wani kuwa ya ciro carbi, ko ya kama wa mai fito igiya. Wannan jira na bakin ruwa shi na sake tararwa a wata ƙasa mai nisa, kuma labarinsa nake so in ba ku yau.

A shekarar 1439 ta Hijira, watau 2018, ina karatu a Khartum, mu huɗu muka ɗaura niyyar Umra ta jirgin ruwa. Jiragen fasinja masu zuwa Jidda daga Suwakin suke tashi, amma masauki ya fi samuwa a Bur Sudan, kimanin mil 35 arewa da ita, don haka can muka sauka. Muna isa aka ce jirgi sai gobe. Gobe ta yi, aka sake cewa gobe.

Bur Sudan garin aiki ne. Turawan Ingila suka fara gina shi a 1905, aka buɗe tasharsa a 1909, domin manyan jirage masu tururi ba su iya shiga ƙunƙuntar mashigar Suwakin. Abin da ido ke fara gani shi ne ƙugiyoyin ɗaukar kaya, da tulin kwantena, da tankunan mai, da layin dogo, ga zafi kamar bakin murhu. Ɗaya daga cikinmu ya duba ya ce, "Wannan gari ai ba abin da za a yi a cikinsa sai barci." Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin fanka, ya cika alkawarinsa.

Mu ukun da muka rage, abin da muka fara warwarewa shi ne salla. A mazhabar Imamu Maliki, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, gwargwadon salla ishirin, cika sallarsa zai yi. Wanda kuwa yake dakon jirgi, kullum yana sa ran tashi gobe, zai ci gaba da ƙasaru ko da jiran ya yi tsawo. In ya bi limamin gari, sai ya cika tare da shi. Muka zaɓi masallaci, kuma can muka sami abin da ba a samu a masauki: wani dattijo ya ja mu gidansa, ya ba mu gahawa mai citta irin ta mutanen Beja, masu wannan yanki. A wata makarantar allo, wadda suke kira halwa, na ji yara suna biya karatu da ruwayar Duri, alhali mu a tsangayun ƙasar Haɗeja da Warshu muka tashi. Allon dai irin namu ne, tawadar ma haka.

Da yamma muka zauna bakin teku muna hangen tashar, tun da ba a barin baƙo ya shiga. Na tambayi wani lebura abin da ake lodawa. Ya lissafa mini: riɗi, da ƙaro, da gyaɗa, da auduga, da soɓorodo. Sai na yi dariya, domin duk abin da ya faɗa akwai shi a gonakin Jigawa da dazuzzukanta. A nan na gane cewa buhun riɗin da manomi ke sayarwa a kasuwar ƙauye, ta irin wannan ƙofa yake bi kafin ya zama mai a wata ƙasa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 164 ta Suratul Baƙara, ya lissafa jiragen da ke gudu a teku da abin da ke amfanin mutane cikin ayoyin Allah ga masu hankali. Na sha karanta wannan aya a allo. Ranar ce na zauna na dube ta awa biyu cur.

Rana ta biyu muka nemi 'yan'uwanmu Hausawa, waɗanda ake kira Takari ko Fallata. Ina da dalilina. Kakana yana da ƙane wanda ya bar Auyo da ƙuruciya da niyyar Hajji ta ƙasa, bai komo ba, wasiƙa ma ba a gani ba. Hanyar alhazan wancan zamani sananniya ce: Maiduguri, Fort Lami wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Junaina, Fashir, sannan Lubayya inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri kan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago, galibi tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe bayan gina madatsar Sinnar a 1925. Tafiyar kan ci shekaru. Wasu kuma hijira ce ta kai su: bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gaɓar Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau.

A wata unguwa muka sami wani tsoho a ƙofar gida yana saƙa igiya. Da ya ji na ce Haɗeja sai ya ajiye ta. Ya ce kakansa daga ƙasar ya fito, bayan Turawa sun ci birnin a 1906 sun kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada. Hausarsa ta gauraye da Larabci, amma tambayarsa ta farko ita ce, "Kogin nan har yanzu yana cin gari?" Bai taɓa ganin kogin ba, a bakin kakarsa ya ji. Na faɗa masa sunan ƙanen kakana, ya yi shiru, ya kira wasu tsofaffi biyu, babu wanda ya san shi. Sai ya ce in tashi mu je maƙabarta. Ya ce, "Ɗana, yi addu'a ga dukansu. In yana nan ya samu, in ba ya nan Allah Ya san inda yake." Haka na yi, kuma da na dawo gida na gaya wa mahaifina, ya yi kuka.

Rana ta uku aka tabbatar da jirgi zai tashi da dare, sai muka yi sammako zuwa Suwakin. Tsohon garin yana kan tsibiri, an gina shi da dutsen murjani na teku. Ibn Baɗuɗa ya sauka a nan a ƙarni na 14, kuma ta nan alhazanmu suka yi ta ƙetarawa. Da ciniki ya koma Bur Sudan sai benayen suka zube, suka zama kufai. Masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya ne muka tarar a tsaye, Turkawa sun gyara su. Sai na tuna Auyo, wadda ta yi sarauta tun kafin Jihadi, tana da harshenta na Auyakanci wanda yau babu mai magana da shi. Gari yakan tsufa kamar mutum.

Abokinmu mai barci ya shiga jirgi yana cewa an cuce shi kwana uku. Ban yi masa musu ba.

Bur Sudan da na gani ta sauya. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, gwamnati ta ƙaura can, kuma ta filin jirginta aka kwaso ɗalibanmu da yawa. A watan Agusta na 2024 madatsar Arba'at, wadda garin ke shan ruwanta, ta ɓalle da ambaliya. Da na ji labarin, tambayar tsohon nan ce ta faɗo mini a rai.

To, ɗan'uwa matafiyi, idan Allah Ya tsayar da kai a garin da ba ka nufa ba, Apapa ce ko Kwatano ko Jidda, nemi masallaci tukuna, ka san hukuncin sallarka. Sannan ka tambayi ma'aikata abin da suke yi, ka nemi danginka, ka ziyarci matattu. Kwanakin jira ma cikin kwanakin da za a tambaye mu suke.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya jiƙan alhazan da suka kwanta a hanya, Ya kiyaye mana garuruwanmu daga ambaliya, amin.