Biki da Jirgin Ƙasa a Ƙauran Namoda

Hausawa sun ce biki na farar kaza, balbela ba gayya. To, amma ko balbelar ma sai ta ga hanya kafin ta sauka. Abin da na lura da shi game da garinmu, Ƙauran Namoda, shi ne bukukuwanmu na shekara sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar jirgi, har ya zama in ɗaya ya yi rauni ɗayan ma sai ya ji a jikinsa.

Mai karatu ya sani garin ya girmi jirgi. Sunansa ma na Namoda ne, jarumin Alibawa wanda yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Jirgi kuwa sai a 1929 ya iso, bayan ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma dogo ya ƙare. Tun daga lokacin garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zamfara, ana ɗaure su a taragu ana gangarawa da su kudu.

Kakana ɗan dako ne a tasha, kuma daga bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa. Ya ce a zamaninsu lissafi biyu ake yi wa shekara. Akwai lissafin wata, watau azumi da tashe, Ƙaramar Salla, Babbar Salla, Cika-ciki da Mauludi. Waɗannan suna zagayawa, wata shekara su faɗo da damina, wata da hunturu. Akwai kuma lissafin kaka, wanda ba ya motsi: da an cire gyaɗa an kafa sikeli, kuɗi sun shigo hannun manomi da ɗan dako da mai jaki. A nan ne ake ɗaura aure, a nan ne rundawa ke kafa dandalin dambe da yamma, kalangu na tashi, 'yan kokawa na zuwa daga ƙauyuka. In aka yi sa'a Salla ta faɗo cikin kaka, to, wannan shekara madinka ba su barci.

Jirgi ne ke kawo sauran kayan haɗin. Shi ke kawo goro daga Kurmi, da atamfa da gishiri da kananzir. Shi ke dawo da 'yan gari da suka tafi cin rani ko aikin gwamnati, kwana biyu ko uku kafin Salla. Ranar da zai shigo, in ji kakana, tashar kanta biki ce: masu tuwo da masu fura sun jeru, yara na tsere a gefen dogo, kowa na leƙen taga ko zai hango nasa. Ran Salla kuma Sarkin Kiyawa ya hau, algaita na busa, baƙi da 'yan gari su cika hanya. Ma'aikatan reluwe, waɗanda da yawansu Yarabawa ne da Ibo, su ma sukan fito kallo, a aika musu da naman layya. In Kirsimati ta zo su kuma su aiko da shinkafa dafa-duka. Wannan zumunci ya sami babban rauni a 1966, lokacin da mutanen Gabas da yawa suka bar Arewa a cikin jirgin nan da ya kawo su.

Mu da muka taso ba mu tarar da jirgin gyaɗa ba. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986, manyan motoci suka ƙwace kaya. Duk da haka biki bai mutu ba. Na yi tashe ina yaro daga goma ga azumi, na sa gemun auduga na dogara sanda, mun zagaya gida gida ana ba mu hatsi da 'yan kuɗi. Na ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda aka kafa a 1983, sun maye gurbin baƙin da jirgi ke kawowa.

Abin da ya fi mutuwar jirgi ciwo shi ne rashin tsaro. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna tare hanyoyin Zamfara. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya na wani lokaci. Ɗan damben ƙauye ba zai taho wasan yamma ba in ya san dare zai yi masa a hanya. Manomin da bai shiga gonarsa ba, da me zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki? Ni kaina akwai Sallar da mahaifiyata ta aiko mini cewa in zauna a makaranta, gaisuwa ta waya ta isa. Ran nan na ci tuwon Salla a gidan mutane, an kuwa karrama ni, amma loma ba ta wuce mini da daɗi ba.

Saboda haka nake kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga garuruwan dogo irin su Nguru da Malam Madori da Funtuwa. Tsofaffin da suka ga wancan zamani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In an yi hutu, kowa ya zauna da kakansa ya tambaye shi yadda ake hawa, da yadda ake shirya dambe, da sunayen kiɗe-kiɗe da wasannin tashe, ya rubuta ya kawo wa wannan ƙungiya. Malamanmu kuma su taimaka a tace a adana. Ran da Allah Ya kawo zaman lafiya hanya ta buɗe, 'yan baya za su bukaci wanda zai nuna musu inda ake kafa dandali.