Dajin da Ke Shayar da Birnin New York

A birnin New York mutum yakan buɗe famfo ya tara kofi ya kai baki, ba tafasawa, ba jefa alam, ba jiran laka ta kwanta. Haka abin yake a dogayen benayen Manhattan, haka yake a unguwannin Bronx inda 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Najeriya suke zaune da yawa. Ruwan da ake turo wa birnin a kowace rana ya kusa lita biliyan 4, kuma wajen kashi 90 cikin 100 nasa daga tsaunukan Catskill da kewayensu yake gangarowa, tafiyar kilomita 160 ko fiye arewa da gari. Wannan kason na tsaunuka ana sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya bi ta matata. Daji ne yake tace shi.

Ɗan yayata, haifaffen Bronx, shi ya ja ni zuwa can. Ya ce, "Kawu, benaye da gadoji da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowane baƙo su yake gani ya koma. Zo mu je ka ga inda ruwan yake fitowa, amma fa aiki za mu yi." Yana cikin masu aikin sa-kai na ƙungiyar New York-New Jersey Trail Conference, wadda aka kafa a 1920, take kula da turbobin daji da tsawonsu ya haura kilomita 3,000. Mutanenta ne suka buɗe sashen farko na shahararriyar turbar Appalachian a Bear Mountain a 1923.

Muka bi gefen kogin Hudson zuwa Kingston, muka karya yamma, muka wuce tafkin Ashokan da ɗan garin Phoenicia. Daga nan hanya ta ƙuntata, waya ta daina kamawa. A gindin Slide, tsauni mafi tsawo a Catskill, mai mita 1,274, muka tarar da sauran abokan aiki: malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ita ce jagora, da direban bas, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibai, da wani dattijo da furfura ta gama cinye masa kai amma ya riga kowa saɓa diga. Ba wanda ake biya ko sisi. Kowa da guzurinsa, kowa da tantinsa a baya.

Yankin Slide yana cikin wuraren da jihar New York ta ware a bar su yadda Allah ya yi su. Mota ba ta shiga, babur ba ya shiga. Diga, shebur, gatari, zarton hannu da dogayen sandunan ƙarfe na ɗaga dutse, duk a kafaɗa muka hau da su.

Babban aikinmu shi ne raba ruwa da turba. Idan dubban ƙafafu suka taka wuri ɗaya, ƙasa takan daddaɓe ta lotsa, sai ruwan sama ya mayar da turbar kwata. Ya kwashi ƙasa, ya tone saiwoyi, ya zuba jar laka a rafi. Masu tafiya kuma su kauce wa taɓo su taka gefe, turbar da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba ta zama fili. Maganin shi ne a haƙa rami a karkace ya ratsa turba, a jera manyan duwatsu a ciki, kowanne ya hau kan na kusa da shi, yadda ruwa zai bugi jerin ya kauce cikin ganyaye ya nutse a hankali. Inda gangara ta yi tsanani sai a gina matakala. Dutse ɗaya yakan cinye wa mutum huɗu rabin yini: a soka ƙarfe a ƙarƙashinsa, a danna, ya matsa ɗan taƙi, a tokare, a sake. In an zaunar da shi, jagora takan hau ta yi tsalle a kai. Ya motsa ko kaɗan, sai ta ce a tayar. Ta faɗa mana cewa dutsen da ke rawa yau, ƙanƙarar hunturu za ta tumɓuke shi kafin shekara ta zagayo. Ban ga wanda ya ɓata rai ba. Mutanen nan suna gina abin da in ya yi kyau ba wanda zai lura an gina shi, kuma wannan ya shiga raina ƙwarai.

Rafin Esopus daga jikin wannan tsauni yake tasowa, ya faɗa Ashokan, daga can ruwan ya bi wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 148 zuwa bakin birni, gangara kawai ke tura shi. Don haka lakar da muka hana sauka, da a kofin wani yaro a Bronx za ta so ƙarewa. Ƙoƙarinmu ɗigo ne idan aka gwada da abin da guguwar Irene ta yi a Agustan 2011, lokacin da rafuka suka yi ambaliya suka rusa garin Prattsville, ruwan Ashokan ya jima a gurɓace. Amma turbobin suna da yawa, masu hawansu kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Wanda ya ga duhun dajin nan zai rantse gatari bai taɓa shigarsa ba, alhali a ƙarni na 19 an yi masa aski. Majema ne suka yi. Akwai wata bishiya mai suna hemlock da ɓawonta ke jeme fata, sai aka riƙa kawo ƙiraga a jirgin ruwa tun daga Kudancin Amurka ana jima a nan. Zadock Pratt ya kafa katafariyar majema a garin da yanzu ke ɗauke da sunansa, wato Prattsville, wani garin ma Tannersville ake ce masa saboda sana'ar. Majeman Kano 'ya'yan bagaruwa suke tsinka su bar uwar a tsaye. A nan kuwa sai a kayar da bishiya, a saɓule ɓawon, a bar gangar jikin ta ruɓe. Cikin 'yan shekaru gommai bishiyar ta yi ƙaranci, majemun suka rufe, tsaunuka suka rage tsirara.

Sannan jihar ta farga. A 1885 aka yi dokar keɓe dazuzzukan gwamnati a tsaunukan Catskill da na Adirondack, a 1894 kuma aka sa cikin kundin tsarin mulkin jiha cewa za su zauna daji har abada: ba sayarwa, ba ba da haya, ba saran itace. Gwamna ba shi da ikon warware wannan shi kaɗai. Sai majalisa ta amince a zubi biyu a jere, sannan a kai wa jama'a su jefa ƙuri'a. Ina jin wannan, dajin Falgore ya faɗo mini a rai, shi da yake tsaye a saman madatsar Tiga, na yi fatan a ce yana da irin wannan garkuwa.

Ba a samu ruwan a banza ba. Da aka gina madatsar Ashokan tsakanin 1907 da 1915, ƙauyuka sun nutse, an tashi mutum wajen 2,000, har kaburbura aka kwashe. Mutanen tsaunuka sun daɗe da ciwon abin. Sai a 1997 birnin ya zauna da garuruwan yankin aka yi yarjejeniya. Maimakon ya kashe biliyoyin daloli kan matatar ruwa, ya ɗauki nauyin sayen filaye daga masu son sayarwa, da gyara wa gidaje ramukan bayan gida, da taimaka wa masu kiwon shanu su nisanta taki daga bakin rafi.

Kwanan daji ma da ƙa'idarsa. Tanti sai ya yi nisan mita 45 daga ruwa da turba. Sama da mita 1,067 ba a hura wuta, ba a kwana sai a hunturu. Abinci a rataye shi can nesa saboda baƙar beyar, da yamma kowa ya duba jikinsa saboda kaska. Da na ɗebi ruwa a buta na koma gefe don alwala, ba wanda ya yi mini kallon baƙo, dattijon nan ma da ya gane abin da nake nema sai ya ciro kamfas ya nuna mini gabas.

Da aiki ya lafa muka ƙarasa ƙololuwa. Can sama bishiyoyi gajeru ne masu ƙamshi, iska da sanyi ko a tsakiyar bazara. An kafa allon tunawa da marubuci John Burroughs a jikin wani falalen dutse, daga kansa kuma ana hango Ashokan kwance a ƙasa. A wannan tsauni ne Eugene Bicknell ya gano wani ɗan tsuntsu a 1881, wanda aka sa wa sunansa. A irin waɗannan ƙololuwa yake ƙyanƙyasa, sanyi na shigowa ya tashi zuwa Haiti da Jamhuriyar Dominika.

Hemlock ɗin da ta sake tsirowa bayan majema yanzu wani maƙiyin ya taso mata: ɗan ƙwaro daga gabashin Asiya, wanda ke maƙalewa a gindin ganye cikin farin abu kamar auduga, ya tsotse bishiya har ta bushe. Ita kuwa ita ke yi wa rafuka inuwa, saiwoyinta ke riƙe gaɓa. Masana a Jami'ar Cornell suna sakin wasu ƙwari da ke cinye shi, amma sai an san inda ya kai. A hanyar sauka jagora ta koya mana juya reshe mu duba ƙarƙashinsa, ta ce in sanyi ya kama za a fito neman ƙwaron gadan-gadan. Ɗan yayata ya rubuta sunansa tun kafin mu isa mota.